Saƙon Godiyar da Ya Kashe Masunci

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, wata ranar Laraba, a zauren gidana da ke Garuwa. Mu uku ne: ni, da limamin unguwarmu, da ƙanena wanda kwana biyu ke nan da jandarma suka kuɓutar da shi daga hannun masu garkuwa da mutane. A lokacin ina da shekara arba'in da shida, ina fataucin kifin banda daga Lagdo, kuma ni ne magatakardan ƙungiyarmu ta 'yan kifi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma an san ni da tsari, kuma ba na ɗaukar gyara da sauƙi.

Kwana goma sha ɗaya ƙanena ya yi a wani tsibiri cikin ruwan Lagdo. Wanda ya gano wurin wani tsohon masunci ne, Kirista, da muka daɗe muna sayen kifinsa. Ya ga hayaƙi yana tashi inda ba mai yin banda, ya je ya faɗa wa kumandan jandarma a ɓoye. Kumandan da kansa ya sanar da ni, ya kuma ja mini kunne cewa maganar ta tsaya tsakaninmu.

A wurinmu idan aka fita daga masifa, ana bin duk wanda ya taimaka a gode masa. Ni kuwa na ga ya fi sauƙi in ɗauki murya in tura zauren ƙungiyarmu na waya. Liman ya ce in gode wa Allah da hukuma in yi shiru. Na ce masa butulci ne a tsallake mutum, kuma zauren duk namu ne. A cikin saƙon na jera su: na ɗaya Allah, na biyu jandarma, na uku Baba mai shuɗin kwalekwale wanda idonsa ya ga hayaƙi, na huɗu mai kwalekwalen da ya ƙetarar da jami'ai zuwa tsibirin. Ban kama suna ba, don haka na ɗauka na cika alkawari. A bakin ruwan nan kuwa, mutum ɗaya ne yake da shuɗin kwalekwale.

Kafin magariba saƙon ya fita daga zaurenmu. Washegari na ji muryata tana tashi daga wayar wani ɗan acaba a bakin kasuwa, har na ji daɗi. Ranar Asabar da hantsi mutum uku suka tare tsohon yana duba komarsa, suka tafi da shi. Ranar Litinin aka tsinci gawarsa cikin ciyawar ruwa.

Na je gaisuwa da buhun shinkafa. Matarsa ba ta zage ni ba. Ta ce in kunna mata saƙon, domin kowa ya ji sai ita. Na kunna, ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce shekara talatin ina ɗaukar kifinsa a ƙofar gidan nan, me ya hana ni takowa in faɗa masa da bakina? Ta sa aka mayar mini da buhun kan mashin.

Bayan wata biyu aka sake yin garkuwa, aka ɗauke manoman shinkafa biyu. Kumandan ya ce mini sun zagaya bakin ruwa kaf, kowane masunci ya rantse bai ga komai ba. Ya ce kafin saƙona yana da idanu a kan ruwan, yanzu ba shi da ko ɗaya. Har yau manoman ba su dawo ba. Na gane cewa abin da ka faɗa a waya, da masoyi da ɓarawo kake faɗa wa, kuma mai taimakon jami'an tsaro rufin asiri yake buƙata fiye da yabo.

Mutum na huɗu yana raye. Ya bar sana'arsa, ya kwashe iyalinsa, yana ɓuya a wani gari, saƙon kuma yana ta yawo. Mai karatu, idan muryar nan tana cikin wayarka, don Allah kada ka tura wa kowa. Ka goge ta yau.