Allon da Ya Ƙi Wankuwa

Tun ina saurayi Allah ya jarrabe ni da son alƙalami mai shan tawada. Har gobe ban yarda cewa biro alƙalami ne ba, kara ne kawai da aka ɗura wa maiƙo. Lokacin da aka fara aikin madatsar Bakolori ina koyarwa a wata firamare a Talata Mafara, aljihun rigata kuwa ba ya rabuwa da tabon shuɗi, har matata ta gaji da mita ta zuba mini ido.

A gidan da nake haya akwai wani mutumin Kudu mai zanen taswira, yana aiki da masu awon ƙasa. Da ya lura da ciwona sai ya nuna mini wata tawada da Turawan aikin suka zo da ita. A cikin alƙalami gudu take yi kamar ruwa, ba ta toshe baki. In an rubuta, fitowa take yi shuɗiya fayau, har ka raina ta. Amma in ta kwana ta sha iska sai ta rikiɗe ta koma baƙa wuluk, ta kama takarda kamun da babu saki. Ya ɗauko wata takarda da ya rubuta jiya ya jefa a bokiti. Takardar ta jiƙe, ta yi laushi, ta fara yagewa, rubutun yana nan daram. Ya ce da ita suke rubutu a bakin gulbi, don ko ruwan sama ya same su awonsu ba ya ɓacewa. Abin ya burge ni ƙwarai, har na roƙe shi ragowar kwalba ya ba ni. A ɗakinsa kuma na ga taswirar da ta hana ni sukuni: wani layi ya zagaye ƙauyenmu kaf, ya ce nan ruwa zai kwanta.

Ƙauyenmu yana bakin gulbi a ƙasar Maradun. Mahaifina shi ne malamin garin, yana kuma da gonar fadama da ya gada, mai wata tsohuwar tsamiya a tsakiya. Tawadarsa da hannunsa yake haɗawa, da gawayi da ƙaro, ya zuba a kurtu. Kowace shekara kafin shuka yakan rubuta addu'a a allon aduwa da kakana ya bar masa, a wanke a ƙwarya, a yayyafa a kusurwoyin gonaki. A wurinsa tawada ba zama ta zo yi ba. Aikinta ta ɗauko addu'a daga allo ta miƙa wa ruwa.

Da na je gida na tarar an kafa turakun awo masu jan kai, ba a gonaki kawai ba, har can bayan masallaci a kan tudu. Awaki na soshe-soshe a jikinsu, mutane na kewaye su kamar kabari. An ce a tashi a koma sabon matsuguni. Yayana ya yarda, Baba ya ce ko taki ɗaya. Matsalar ita ce rabin garin bakinsa suke kallo. In ya zauna sun zauna, su da 'ya'yansu da rumbunansu, har ruwa ya iske su.

Bayan mun gaisa, na tambayi gida da gona da dabbobi, sai na ba shi labarin taswirar. Ya saurare ni yana fiƙe alƙalaminsa na gamba.

"Wanga layi da kag gani, da mi anka zana shi?"

Na ce da tawada.

"To, malamin boko, ni tun ba a haihe ka ba nike wanke tawada. Ban taɓa ganin wadda ta gagari ruwa ba."

Raina ya ɓaci, don ni ma ina da taurin kan gidan. Na ciro kwalbar na ajiye a gabansa, na zayyana masa abin da na gani a bokiti, ban rage komai ba. Ya ɗaga ta ya duba a hasken rana, ya shinshina, ya yatsine fuska ya ce warin tsatsa take yi. Daga nan sai ya tura ta ƙarƙashin buzunsa. Ya ce da tawadar tasu zai rubuta addu'ar bana, a wanke, a yayyafa wa turakunsu, kowa ya ga inda ƙarfinta ya tsaya. Na ce kada ya yi, allon gado ne. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na tashi na bar masa kwalbar.

Ranar Alhamis da hantsi ya rubuta. Dattawan da ke zaune suka yi ta dariya ganin yadda rubutun ya fito dishi-dishi, wani ya ce ashe tawadar Nasara ma yunwa take ji. Aka jingina allon a bangon zaure. Kashegari da na leƙa, rubutun ya yi baƙin da tawadar Baba ba ta taɓa yi ba. Shi ma ya gani.

Bayan la'asar gari ya taru a gindin tsamiyar gonarsa. Daga nesa ana jin gurnanin motocin aikin, wanda a lokacin ya zame mana kamar kukan kwaɗi da damina, ba ya yankewa. Baba ya tsuguna, ya ɗora gindin allo a cikin ƙwarya, ya yi bisimilla, yayana ya tsiyaya ruwa daga buta. Wani ɗan shuɗi-shuɗi ya gangaro, shi ke nan. Ya shafa da tafin hannu yadda ya saba. Ya sake shafawa. Ya kama bakin rigarsa ya goga har katakon ya yi ƙara. Aka ƙaro ruwa, aka ƙaro, ƙwarya ta cika ta tumbatsa da ruwa garau, kowane harafi yana zaune a inda ya ajiye shi jiya.

Mutane suka matso suna leƙen allon. Wani mahauci ya zaro wuƙa ya ce a kankare. Baba ya ɗaga masa hannu, ya ce ba a sa wa sunan Allah wuƙa. Ni da na yi gaskiya, wallahi ban ji daɗin gaskiyata ba. Tausayinsa ne ya kama ni, da tsoro.

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juya wajen turakun.

"Abin da anka rubuta da wagga tawada ba shi gogewa. Ku tahi ku kwashe hatsinku."

Ya miƙe ya saƙala allon a tsakanin rassan tsamiya, ya ɗaure shi tam da igiyar kaba. Yayana ya ce a tafi da shi gida. Baba ya ce a bar shi, ƙwarya ta kasa, amma ruwan da ke tafe ya fi ƙwarya. In ya wanke shi, addu'ar za ta bi ruwa ta shiga kowace gona har Bakura.

Muka tashi, mafi yawan gari suka biyo shi. Ruwa ya zo a hankali, yau ya ci kunyar dankali, gobe ya ci hanyar rijiya, har ranar da kan tsamiyar ya nutse. Abin da ya biyo baya a ƙasar nan tsakanin manoma da hukuma, waɗanda suka gani sun sani, ba kuma da tawadata zan rubuta shi ba.

A sabon matsuguni an ba Baba wani tsandauri da ko gero sai da lallashi. Ya sayi sabon allo, amma yawanci a rataye nake samunsa. Tsufa ya sauko masa da sauri. A zuwana na ƙarshe kafin rasuwarsa ya sa na kama shi muka fita bayan gida, inda ake hango ruwan shimfiɗe har iyakar gani. Ya nuna da haɓa wajen da gonar take.

"Ruwa mai yawa hakanga, ai dai ya wanke shi yanzu ko?"

Na ce, "Ya wanku, Baba."

Ya dubi fuskata, ya dubi tabon da ke aljihun rigata, ya ce, "Kai ma ba ka yarda ba." Sannan ya ce in mai da shi ɗaki, sanyi yake ji.