Mainassara, Mai Duba Cikin Kifi

Na Allah muke, kuma gare shi makomarmu take. Ranar Laraba, 18 ga Yuni 2025, bayan la'asar, Zara ta kira daga Kanada ta ce mijinta Mainassara ya cika. Ciwon zuciya ne. Can aka yi masa sutura.

Mainassara, tun muna kwaleji a Dakoro kai ne mai tambaya, ni mai kwafe darasi. Da ka tafi karatu aka yi ta dariya: ɗan makiyayan Azagor, wanda bai san ruwan da ya wuce tabki ba, wai kifi zai karanta. Ba ka taɓa jin haushi ba. Duk zuwanka hutu, kai ke kai mahaifiyarka Inna Kadija asibiti. Da 'yata ta kwanta, kullum sai ka kira, har ta tashi.

Bara, da aka yanka wata saniyar yayanka Jimrau da ta kasa tashi, ka durƙusa ka buɗe tumbinta da hannunka. Leda ce da yashi. Sannan ka ce aikinka ke nan a jirgin ruwa: buɗe cikin kifin da ake kira somon, wanda ake haifa a kogi, ya tafi kiwo teku, ya komo. Kowane kogi da garkensa, in ji ka. Waɗanda suka sami ruwa mai sanyi sukan komo da maiƙo. Waɗanda suka faɗa inda ruwa ya ɗumama, abin da suke ci ba ya riƙe jiki, kuma kaɗan ke komowa.

Ka ce wa Jimrau, "Yaya, raba garken nan biyu. Kada su tafi wuri guda."

"Kai, ɗan ruwa, shanu ba kifi ba ne," in ji Jimrau. "Baba bai taɓa raba su ba."

Amma ya raba, don idonka. Rabin da ya tafi arewa, wajen Tagriss, ya komo a rame, ɗaya rabin ya riƙe gidan. Ko shawararka ce, ko sa'a, ban sani ba.

Bana har yau ruwa bai sauka ba. A zaman makokinka Jimrau ya ce an ga hadari wajen Tagriss, can zai kai su duka, har da shanun nonon Inna da 'yan shanuna da yake kiwo. Na maimaita masa maganarka yadda na riƙe ta. A bakina ba ta da nauyi. Jiya da asuba suka tashi, garke guda.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka a ƙasar da ba mu sani ba. Inna Kadija, Zara, Jimrau da yara, Allah ya ba ku haƙuri. Waɗanda suka tafi arewa kuma, Allah ya komo mana da su.