Kawu Iro da Ludayin Mai Mura

Jama'a, ku ji abin da na gani yau a kasuwar Batsari!

Muna shan fura a rumfa, ludayi ɗaya ke zagayawa. Sai Kawu Iro ya ce wai ƙwayar cutar mura ƙaryar likitoci ce.

Na ce, "Kawu, ina hujjarka?"

Ya ce, "Ni zan kawo hujja? Kai da ka ce akwai ta, ɗora min ita a tafin hannu!"

Ina zan samo ta?

Kwatsam sai ga wani direba, hanci na ta zuba. Ya yi atishawa, ya kurɓi fura, ya miƙa wa Kawu ludayin.

Kawu ya ja baya: "Azumi nake."

Wallahi ga fura nan a gemunsa!