Kat-awut a Aljihun Baba Mika'ilu

Wai don an ɗauke wuta shi ke nan sai a hau canza fitila? Wallahi nan kowa yake tafka kuskure!

Baba Mika'ilu manomin albasa ne a Watari, kuma shi ke kula da fitilun masallacin unguwarsu. Da ya samo dogayen ƙwayayen LED, baki har kunne, ya huta da tsofaffin masu ƙyaftawa. Ya ga babu wuta, ya taka benci, ya cusa kai ɗaya na sabon ƙwan a tsohon gidan fitilar, babban yatsansa yana dafe da ƙarafunan ɗaya kan. Bai san wuta tana iya bi ta cikin ƙwan ta fito nan ba.

Sai ihu daga maƙwabta: "An kawo wuta!"

Wuta ta ja shi, ya saki ƙwan ya diro yana salati. Liman ya ce, "Malam Mika'ilu, ashe har yanzu da sauran tsalle!"

Yanzu kafin ya hau, sai ya zare kat-awut, wato fis ɗin da ke ba masallacin wuta, ya jefa aljihu. Masallaci fes, shi kuma lafiya lau!

Ku fa? Wa ke canza fitila a gidanku, kuma yana zarewa? Kar ku yi shiru, ku faɗa!