Na Ce Mata Kumburin Keke Ne

A wancan lokaci ni ce uwar ƙungiyar mata masu ɗinki a ƙauyenmu, can gefen Barmu. Mu tara ne a zaure ɗaya. Wani ɗan kasuwa daga Tawa yake kawo mana yadi, mu ɗinka rigunan yara, ya aiko a kwashe. Ina da baki, ina da faɗa, kuma ina ji da kaina cewa ban taɓa saɓa ranar alkawari ba. Matan har tsiya suke mini, wai ko ajali ya yi sallama sai na ce ya jira in ƙarasa kalmasa. Lokacin dariya nake yi.

Wadda ta fi kowa hannu ita ce ƙaramarmu. Mijinta ya tafi biɗa Abijan ya bar ta da cikin fari. Inna take ce mini, kuma Allah ya sani ina ƙaunarta. Da cikin ya shiga wata takwas ta fara kukan ciwon kai, ta ce idonta yana dishi-dishi, ƙafafunta kuma suka kumbura har silifa ta daina shiga. Na ce mata wace tela ce ƙafarta ba ta kumbura? Kumburin keke ne, idon kuwa zare ne, duk mun sha shi. Na ɗauki almakashi na yanke igiyar silifarta, na ƙara mata ƙyalle don ƙafar ta shige. Har ina jin na yi abin kirki.

Saura kwana shida Sallah mai shela ya zaga gari, ya ce motar likita mai yawon ƙauyuka ta iso, tana gindin itacen bedi kusa da rijiya. Sai bayan watanni take biyowa ta wajenmu. Na dubi tulin yadi, na ce ba za mu watse gaba ɗaya ba, ɗaya bayan ɗaya za a je, kuma ni na fara tafiya don idona na ƙaiƙayi. Ungozomar da ke cikin motar ta tambaye ni ko akwai mai ciki a cikinmu. Ta ce in akwai mai ciwon kai da kumburin ƙafa da dishin ido a kawo ta yanzu a auna jininta, don hawan jini kan kashe mai ciki ba shiri. Na ce mata yanzu zan dawo da ita.

Da na koma na tarar ƙaramar tamu tana tsakiyar aikin wuyan riguna, wanda ba mai iya shi sai ita. Ta tambaye ni me aka ce. Na ce maganin ido aka ba ni, ta ƙarasa na hannunta, bayan azahar mu je. Bayan azahar ɗan kasuwar ya bugo waya yana matsa mini, na ce a bari sai la'asar. Da la'asar muka ji motar ta yi oda tana barin gari. Ta ɗaga kai ta dube ni, ni kuwa ban ɗaga nawa ba. Na ce mata ai za su dawo.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ta faɗo daga kan kujerar keke tana jijjiga, ta taune harshenta. Muka ɗora ta a amalanken jaki zuwa bakin hanya, mota ta kai mu asibitin Tawa. An ciro 'yar da rai, ita kuwa ba ta farka ba. Wata ma'aikaciya ta tambaya me ya sa ba a auna ta ba da motar ta zo, na kau da kai kamar ba da ni ake ba. Rigunan sun tafi a kan lokaci. Mijinta da ya dawo ya durƙusa yana mini godiya, wai na riƙe masa mata kamar 'yar cikina. Godiyar nan har yau tana ƙona ni.

Shekara shida ke nan, duk odar motar da na ji sai ƙafata ta tsaya a kan keke. Duk mai cikin da ta shigo zaure, ƙafarta nake fara duba. Na gane cewa mu masu ɗinki mun saba da ciwo har muna ɗauka duk na sana'a ne. 'Yan'uwana, musamman masu riƙe da wasu a ƙarƙashinsu, in motar likita ta zo ku rufe zaure ku tura kowa, mai ciki a gaba. Kada ku ce kun san ciwon wani don ya yi kama da naku. Yadi ba ya ruɓewa in ya kwana.

Silifar tana nan ƙarƙashin kekenta, na kasa jefarwa. Kwanan baya 'yarta ta shigo gaishe ni ta gan ta, aka ce mata ta uwarta ce. Ta shafa ƙyallen, ta tambaya wa ya gyara mata. Na ce ni ce. Sai ta yi murmushi, ta ce Allah ya saka mini da alheri.