Wankin Ƙashin Gwiwar Mahaifiyata

Shekarun baya, gwiwar mahaifiyata ta dama ta cinye. Matar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma sai an tura ta a keke, salla ma a kan kujera. Likita a wani asibiti nan Madina ya ce sai an yi mata aiki an sa gwiwar ƙarfe.

Ni ne tafinta, don Larabcin Inna na cefane ne. A nan na nuna gwanintata: na ce mata za a yanke ƙashi a zuba siminti. Ta dube ni sama da ƙasa. "Siminti? Ni katanga ce? Tura ni mu tafi."

Tsoron nata da dalili. Wata ƙawarta 'yar Chadi an yi mata irin aikin a wata ƙasa, ƙarfen ya yi sako-sako, sai da aka sake buɗe ta. Na yi lallashi har bakina ya bushe. Ƙanwata ta roƙe ta da Larabci, ta ba ta amsa da Hausa: a'a.

Da ciwon ya hana ta sakat ta yarda mu koma, amma ta kafa sharaɗi. "Ka bar yi mini wa'azi. Ni zan yi tambaya, kai ka faɗa masa kawai. Me ke sa ƙarfen ya kwance?"

Likitan ya ce dalilai suna da yawa, amma akwai wanda ke hannunsa. In an yanka ƙashi, fuskarsa duk ramuka ne kamar soso, cike da jini da kitse da ɓarɓashi. In aka shafa simintin a haka, a kan datti zai zauna. Don haka sai an fesa ruwan gishiri da ƙarfi, a tsotse, a busar, sannan a danna simintin ya shige ramukan ya kama.

Ina fassarawa na ga ta gyara zama. Inna fa ba ta yarda kowa ya wanke mata tukunya.

"Au, ashe wanki ake yi? To gaya masa maiƙo ba ya fita da wanki ɗaya."

Likitan ya yi dariya har da dafa tebur. Ya ce ba ya dainawa sai ruwan ya fito garau. Nan take Inna ta ce a sa ranar aiki.

Ranar aikin, ana shiga da ita ta damƙe hannun rigarsa. "Ya duktur, nazzif kuwayyis! Ka wanke da kyau!" Da ya fito, tun daga nesa ya ɗaga mini hannu: "Ka gaya wa Hajiya, ƙashin ya yi fari fat."

Bayan aikin, motsa ƙafar ya ba ta wahala, ni na sha faɗa. Amma lokacin tsinkar dabino abokina ya gayyace mu gonar da yake aiki a Khaibar, ta sauka daga mota ta shige tsakanin itatuwa ba ko sanda. Ni ke biye da ita ina haki, tana waiwayowa tana cewa, "Kai ma a duba maka taka."

Har yau in na ji ana cewa tsoho ya cika taurin kai, sai in tambaya ko an bar shi ya yi tambayarsa. Na ɓata watanni ina roƙon Inna ta yarda. Ita kuwa so take kawai a yi mata bayani kamar mai hankali, ta yanke hukunci da kanta.