Ranar da Na Koma Ƙarƙashin Mota

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da na sake shiga ƙarƙashin mota a garejinmu na Apo. Wani zai ce to mene ne abin labari, ba aikin bakanike ke nan ba? Bari dai ku ji.

Ni da yayana muke da garejin. Wata rana ina ƙarƙashin wata jif ina cire salansa, sai jak ya zame. Motar ta sauko ta danne min ƙirji, ba ihu ba numfashi, sai da jama'a suka taru suka ɗaga ta. Allah ya yi da sauran kwana. Haƙarƙari ya warke, amma ni ban warke ba. Da na durƙusa zan leƙa ƙasan mota sai zuciya ta hau dukan tara-tara, gumi ya karyo min, har sifana ta faɗi daga hannuna. Ƙato da ni, magidanci, ina tsoron motar da ke tsaye! Wallahi kunyar ta fi tsoron ci min rai.

Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Matata ta yi ta turara ni har maƙwabtanmu a Lugbe suka fara tambaya ko gobara ake. Shiru. Yayana ya yi haƙuri iya haƙuri, yana aikinsa yana nawa, har ran nan ya zaunar da ni ya ce, "Ƙanena, gareji ba ya riƙe ɗan kallo. In abin ya ƙi, ka koma gida Zariya ka kama wata sana'ar." Ban ga laifinsa ba, amma ina zan dosa? Aikin nan shi kaɗai na iya a duniya.

Akwai wata kwastomarmu, likita ce ta masu damuwa, irin waɗanda ke zaunar da mutum su yi ta hira da shi har a gano inda ke masa ciwo a rai. Ta ga yadda nake rawar jiki a gefen motarta, ta ce in same ta a ofis. Na je ina jan ƙafa, don a ganina wurin masu taɓin hankali ne. Ta ce ciwona sananne ne, tsoro ne da ke maƙalewa bayan haɗari. Ta ce banda hira, za ta koya min zama shiru ina bin numfashina, hanyar da ta koyo wajen mabiya addinin Buda lokacin da take karatu a Asiya.

Na miƙe zumbur. "Buda? Hajiya, ni fa Musulmi ne! Ba zan yi wa gunki sujada ba saboda mota."

Ta yi dariya ta ce, "Malam, ni ma yanzu na idar da azahar. Zauna. Numfashin naka ne, Allah ne ya ba ka, kallonsa kawai za ka yi."

Duk da haka sai da na tambayi limamin masallacin garejinmu. Ya ce, "Akwai kiran wani ba Allah ba?" Na ce babu. Ya ce, "To je ka sha maganinka."

Da na fara, sai na ɗauki abin kamar noti mai tsatsa. In zauna in cije haƙora in yi ta kokawa da tsoro don in fitar da shi da ƙarfi. Abin sai ƙaruwa yake. Na koma na ce wa likitar wannan hanya ba ta karɓe ni ba.

Ta ce, "In aka kawo maka mota tana ƙara, guduma kake ɗauka?"

Na ce, "Haba Hajiya! Tayar da ita nake in kasa kunne."

"To ƙirjinka fa, me ya yi maka da ba za ka saurare shi ba?"

Ta ce mabiya Buda suna koyar da cewa duk abin da ya taso a zuciya zai kwanta, kuma gudunsa ne ke ƙara masa ƙarfi. Daga nan muka ci gaba a hankali. In ba ta labarin haɗarin, in kuka ya zo in yi abina, sannan mu zauna shiru. Ta sa ni in riƙa zama kusa da taya, daga baya in sa kai kawai in fito.

Wata safiya aka turo wata bas tana zubar da baƙin mai. Yayana ya jawo kwalin da muke kwanciya a kai, sai na ji bakina ya ce, "Yaya, ba ni." Ya dube ni, ya miƙo. Na tokare bas ɗin da katako ta ko'ina, na yi bismilla na shige.

Kada ku ce tsoron bai zo ba. Ya zo da ƙarfinsa, ƙirji ya ɗaure, ƙafata har ta fara neman hanyar fita. Na ce a raina, to ga ka, na ji ka. Na kasa kunne. Yana nan a maƙogwaro, da zafi, ya sauko ciki. Na ja numfashi na sake, na ja na sake. Sai na ji yana sassautawa da kansa, kamar injin da aka ɗaga wa ƙafa. Na sa sifana na kwance notin, na canja abin da ya lalace, na ɗaure.

Na fito fuska duk baƙin mai, na tarar da rabin layinmu a tsaye. Wani Bayarabe mai fenti ya kurma ihu, "Oga ya dawo!" Aka hau buga ƙarafa ana kabbara. Yayana, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, ya juya baya yana goge ido da tsumman aiki, ya ce, "To me kake jira? Ga wata can."

Har yau nakan zauna shiru bayan na idar da sallar asuba. Abin da na koya shi ne, ciwon rai ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da masu maganinsa, kuma neman su ba raunin imani ba ne. Na yi zaton jarumi shi ne wanda tsoro ba ya zuwa masa. Ashe jarumi shi ne wanda tsoro zai zo ya same shi yana aiki, ya tafi ya bar shi yana aiki.